Hular Kwanon Maigidana Ta Tsage, Ya Ƙi Rabuwa Da Ita

Anti Safara'u, don Allah ki taimake ni da shawara, tsoro ya hana ni sakat.

Maigidana ma'aikaci ne, kullum a kan babur yake zuwa ofis daga Ƙofar Kaura zuwa GRA. Bara ƙanensa Lado ya kawo masa tsarabar hular kwano daga Legas, baƙa mai sheƙi, jikinta kamar saƙar tabarma, wai da zaren kabon ake yin ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Yana ji da ita, ko yara ba ya bari su taɓa.

Kafin azumi mota ta buge shi a shataletale, kansa ya daki kwalta. Waɗanda suka kawo shi gida sun ce ba don hular ba da sai dai gawa. Ya warke, alhamdu lillahi, ya ci gaba da sa ta. To rannan ina goge ta na ga tsaga siririya kamar gashi ta wajen kunne, da na danna wurin sai na ji ƙas-ƙas. Na faɗa masa, ya yi dariya, wai ta fi ƙarfe ƙwari, wai ba zai yar da abin da ya cece shi ba, kuma rai na hannun Allah. Yanzu da ya tada babur gabana ke faɗuwa. Na yi tunanin in ɓoye ta, amma na san halinsa, haka zai fita kai ba komai. Ya zan yi?

Taki,
Maman Iklima

Maman Iklima, Allah ya ƙara masa lafiya. Tsoronki yana kan hanya. Masu ƙera irin wannan hula da kansu suna cewa bugu ɗaya take ɗauka. Soson da ke cikinta yana motsewa ne ya shanye bugun, ba ya komawa yadda yake, kuma zaren kabon kan karye ta ciki alhali wajen yana ta sheƙi. Wadda ta tsage ta gama aikinta.

Amma shi ma ki fahimce shi. Mutumin da ya ga mutuwa muraran yana riƙe abin da ya tsira da shi, kuma wataƙila da dariyar yake rufe nasa tsoron.

Kada ki ɓoye ta. Ki kira Lado, tunda daga hannunsa ta fito, ya zo da sabuwa mai inganci, ko da ba ta kabon ba ce, wadda ta zauna daram a kan maigidanki. Ku sa shi ya danna tsagar da yatsansa. Ki ce masa Allah ne ya tsare shi, hular sanadi ce. Tsohuwar kuma ya ajiye ta a ɗaki in yana so, amma ba a kansa ba.

Ki yi wannan yau, kafin ya sake tada babur. Allah ya tsare maku shi, ya kwantar miki da hankali.

Anti Safara'u