Allon Inno

Angwan Iya,
Keffi, Jihar Nasarawa.

Zuwa ga Yayana Uthman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Halimatu Sa'adiya da ɗana Akram. Allah ya sa albarka a karatun da ya kai ka Malesiya, ya tsare mana ku a duk inda kuke. Mu nan sai godiya. Damina ta yi ƙarfi har katangar bayan gida ta zube, Kawu Nababa ya kawo magina sun tayar. Autarmu Hamdiya ta gama jarrabawa, tana gida tana cinye mana abinci. Ƙafar Inno da sauƙi, sai dai ka san halin mahaifiyar tamu: likita ya ce ta huta, ita kuwa kullum tana tsakar gida tana kirɓa fura.

Yaya, maganar da ka yi mini a waya ce ta sa ni wannan rubutu, don ta tsaya mini a rai. Ka ce ka fasa zuwa hutu, har kana tunanin karɓar aikin da suka yi maka tayi ka zauna can, tunda wadda za ka zo dominta ko kallonka ba ta yi. Na san abin da ya ƙona maka rai. Takanas ka aiko da tablet don ku riƙa ganin juna, amma ranar da ka fara kira sai ta ja mayafi ta juya baya, ta ce a tambayi wancan ko yana samun abinci. To ai kai ɗan fari ne, Inno kuwa a rugar Agwada ta tashi. Tun da aka haife ka sunanka bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko maƙwabcinmu mai sunanka, Mai Shago take ce masa. Nisa ne ya sa ka fara auna ta da mudun mutanen can, alhali kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Bari ka ji abin da allon naka ya zama, don haka take kiransa. Wata rana ta gan ni ina ƙarasa takardar ofis a kansa, ta tambaye ni ina takardar take shiga. Ka tuna ta yi makarantar matan aure a unguwar Yara har ta iya haɗa baƙi na boko. Sai ta ce tana so ta rubuta wa Akram sunayen shanun babanta da yadda suke tashi idan rani ya yi, kada yaro ya girma bai san daga ina ya fito ba. Na baje mata manhajojin rubutu kamar mai kayan koli. Na fara da Word, wanda nake aiki da shi a sakatariya, ta dubi maɓallan da ke jere a sama ta ce wannan na ma'aikata ne, ita ba ta ɗaukar albashi. WPS ya burge ta da na ce yana buɗewa ko babu data, don ka san netwok ɗinmu da ruwan sama ba sa ga maciji. Da na zo kan Google Docs na gaya mata mutum biyu suna iya zama a shafi ɗaya, ɗaya a Keffi ɗaya a bayan teku, kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Sai ta tambaya ko ana ganin fuska. Na ce a'a, rubutu kawai. Ta ce a bar mata wannan.

Saura yadda za ta shigar da rubutun. Alƙalamin allon bai yi mata ba saboda rawar hannu. Ni kuwa na dage a kan rubutu da murya, inda za ta yi magana allon ya rubuta, don in sauƙaƙa wa idonta. Ta gwada sau ɗaya, ta haɗa masa Hausa da Fulatanci, ya rubuto abin da ya sa Hamdiya faɗuwa daga kujera don dariya. Na ce idan ta yi a hankali zai fi ji, ta ce ko zai ji ba ta so. Na ɗauka taurin kai ne irin nata. Ta zaɓi kibod, na ƙara mata girman haruffa, ta riƙa bi da yatsa ɗaya kamar kaza tana tsintar tsaba.

Wallahi Yaya, ban san wanda ya fi burge ni ba tsakanin tsohuwar da allon. Ni da nake cin abinci da buga takardu ban taɓa zama na yi mamakin abin nan ba sai da na gan shi a hannunta. Ranar da caji ya ƙare tana tsakiyar labarin wata jar saniya, ta sa salati ta ce wahalarta ta tafi a banza. Da aka kawo wuta muka kunna, ga komai nan har kalmar da ta tsaya a kai. Ta ce abin nan ya fi wasu mutane riƙon amana. Kibiyar nan mai mayar da kuskure baya kuwa, ta ce da baki yana da irinta da an rage zaman sulhu a garin nan.

Jiya bayan la'asar na kasa daurewa, na gaya mata abin da ka ce. Ta ajiye ludayi, ta ce in miƙo mata allon, ta aike ni gidan Kawu Nababa karɓo abin da ni da ita mun san ba ta buƙata. Da na dawo na tarar ta buɗe sabon shafi ta yi layi ɗaya. Ina karantawa na gane dalilin da ya sa ta ƙi rubutu da murya tun farko: abin da take son rubutawa bakinta ba zai iya faɗa ba. Hawaye ya zubo mini, na ɓoye shi da tsokana, na ce yau Inno ta karya al'ada. Ta harare ni ta ce ita ba ta faɗi komai ba, in tambayi duk mutanen gidan ko akwai wanda ya ji.

A kan shafin nan nata na rubuta maka wasiƙar nan, a saman layinta, kuma na buɗe maka shi yadda kai ma za ka iya rubutu a ciki. Ban gyara mata ko harafi ɗaya ba. Shawarar aiki taka ce, ba zan yi maka shisshigi ba, amma ka karanta har ƙasa kafin ka ba su amsa. Tun safe take tambayata ko wancan ya buɗe.

Ka gaida Anti Halimatu Sa'adiya da kyau, ka shafa mini kan Akram, ka ce labarin shanu yana nan yana jiransa. Kawu Nababa da Hamdiya suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Mu'mina.

usumanu dana ka dawo gida ina son ganinka