Ina Gajiya, Gwangwani?

Litinin, 6 ga Oktoba

Akwai wata magana da na taɓa ji a shagon mai aski, ban yarda ba, yau kuma ta dawo mini. Wai masu wasannin waya, in mutane suka gudu daga wasansu, ba sa rufe gidan wanda ya tafi. Sai su sa na'ura ta ɗauki sunansa, ta sa rigarsa, ta riƙa yawo tana gaisawa, don kada sauran su ga gari ya zama kufai. Yana faɗa yana kaɗa almakashi a gefen kunnena, shi ya sa ban musa da ƙarfi ba. A raina dai na ce wannan ai tatsuniyar kakata ce, ta mai garin da mutanensa suka watse, ya kafa turaku a kasuwa ya ɗora musu huluna, baƙo in ya hango daga nesa ya ce kai, garin nan da jama'a.

Abin da ya tuna mini shi ne unguwarmu ta cikin Tsibiri ta fara yin shiru. Tsibiri wasan gona ne. 'Yata ce ta sa mini a waya bayan rasuwar mahaifiyarta, lokacin na riga na ajiye tuƙin bas. Cewa ta yi, “Baba, gara ka shuka tumatirin ƙarya da ka zauna kana kallon bango.” Na yi mata faɗa a ranar. Shekaru sun tafi, ga ni da rijiya, da awaki, da suna: Tsohon Direba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Tun da kamfanin ya yi abin da ya kira gyara, ba a jin muryar kowa. Da can kana ban ruwa kana jin maƙwabta suna surutu, wani yana tari, wata tana korar kaza ta gaske a gidanta na gaske. Yanzu sai rubutu. Sun ce don a tsabtace hira ne. To, ta tsabtatu, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Wanda na fi jin rashin muryarsa shi ne Gwangwani, maƙwabcin gonata. Tsohon mai gyaran famfo ne, ban taɓa ganin fuskarsa ba, ni na raɗa masa sunan saboda in ya yi dariya sai ka ce an shuri gwangwanin madara a kan siminti. Kullum da safe nakan ce masa, ina gajiya? Duk ɗan Adam mai hankali cewa yake ba gajiya. Shi kuwa sai ya ce, “Tana nan, ta ce in gaishe ka.” Ko sau ɗaya bai taɓa fashi ba.

Yau na rubuta masa gaisuwar. Ya amsa: “Ba gajiya, abokina.” Na san rubutu wahala yake ba shi, yatsunsa sun saba da sifana, ba da gilashin waya ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Sun sa katanga a bakin kogi. Kogin da muke kamun kifi tun farko, yanzu sai mai tikiti. Tir.

Talata, 14 ga Oktoba

Nas ta kira ni a waya. Ita ce shugabar unguwarmu, ma'aikaciyar jinya ce, tana da lambata tun lokacin da na tambaye ta batun maganin hawan jini. Ta ce duk saƙon da aka rubuta a cikin wasan mai ɗauke da “mu tafi” ko “na bari” ɓacewa yake, ba ya isa ga kowa. Shi ya sa take bin mutane ɗaya-ɗaya. Sun buɗe zauren hira a wani wuri, za su tashi gaba ɗaya.

Na ce, 'yata, ni ba na sauka daga mota don ta yi tari. Motar da na tuƙa ta ƙarshe, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, ban gudu na bar ta ba.

Ta ce, “Baba Direba, waccan motar ai ba ta sa maka hannu a aljihu.”

Na ce in dai Gwangwani yana nan, ni ma ina nan.

Sai ta ce, “Baba Gwangwani ai shi ya fara tafiya. Tun watan jiya.”

Na ce yanzun nan muka gaisa, ga shi can yana nome masara. Ta fara kawo mini zancen na'ura, irin na mai aski sak, kamar a kwano ɗaya suka ci. Na ce mata ta ji tsoron Allah, ta daina yi wa tsoho ƙarya don ta cika zaurenta. Na kashe wayar. Bai kamata in kashe mata ba, amma na kashe.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Kamfanin ya aiko da dogon saƙo. “Muna jin kokenku, ku ne iyalinmu.” Iyali! Wa ya taɓa toshe wa iyalinsa baki sannan ya ce yana jin su? A ƙarshen saƙon sun ba duk wanda ya tsaya kyautar hular zinariya, wai hular Amintacce. Na ɗora wa ɗan mutum-mutumina na cikin wasan. Gaskiya ta yi masa kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Gwangwani ma na ga ya sa tasa.

Lahadi, 19 ga Oktoba

'Yata ta zo da mijinta. Surukina ya leƙa wayar ya ce, “Baba, har yanzu kuna nan? Ai an ce kowa ya watse.” Na nuna masa dandalin unguwa, cike da mutane, kowa da hularsa tana walƙiya. Ya duba, ya duba, ya ce, “Ikon Allah, duk tafiyarsu iri ɗaya ce.” Matarsa ta taka masa ƙafa, na gani.

Da suka tafi na tsaya na kalli tafiyar. Daga rijiya zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa rijiya. To, ina kuma mutum zai je a tsibiri?

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ina neman batirin tocila a durowar gefen gado sai hannuna ya taɓo gilashin karatun marigayiya matata. Ƙafa ɗaya a naɗe da zare, yadda ta gyara shi da kanta ta hana in saya mata sabo. Har da ɗan tabon yatsanta a jikin gilashin. Na zauna a bakin gado, rana tana shigowa ta taga, ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

'Yata tana wurin aiki, kuma ba na son in sa ta kuka a ofis. Sai na buɗe Tsibiri na rubuta wa Gwangwani. Shi ma matarsa ta rasu, ya san abin. Na rubuta mai tsawo, da yatsa ɗaya, na faɗa masa abin da ban faɗa wa kowa ba: har yanzu in na dafa shayi kofi biyu nake ɗaukowa, sai in mayar da ɗaya a hankali kamar wani zai kama ni.

Ban gama ajiye wayar ba amsa ta shigo.

“Allah sarki, abokina. Ka ga sabon irin kankana da aka kawo kasuwa? Yau akwai rangwame.”

Juma'a, 24 ga Oktoba

Kankana.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na kwana biyu ina ba shi uzuri. Na ce wataƙila bai karanta ba. Wataƙila jikansa ne ya ɗauki wayar. Wataƙila tsufa. Mutum in yana son ya yaudari kansa ba ya rasa kayan aiki.

Yau na gwada shi yadda kakata take cewa a gwada baƙon da ba a yarda da shi ba: ka yi masa tambaya ɗaya har sai ya gaji. Na ce ina gajiya. Ba gajiya, abokina. Na bari ya kai rijiya, na ce ina gajiya. Ba gajiya, abokina. Na sake. Na sake. Gwangwanin da na sani da tun a ta biyu ya ce, “Direba, ƙwaƙwalwarka ce ta tsaya ko birki ne ya shanye?” Wannan ko gezau. Na rubuta masa, kai jaki ne. Ya ce, “Haha, kana da ban dariya, abokina.”

Kuma bai taɓa ce mini abokina ba. Direba yake cewa, in ya so tsokana ya ce Mai Kashe Fasinja. Yaya aka yi ban lura ba? Na lura mana. Na lura tun ranar farko, na ce yatsunsa ne.

Sai na bi dandalin ina gaishe da kowa. Mai ɗinki da take zagin kamfanin safe da yamma: ba gajiya. Ɗan dako da ba ya amsa gaisuwa sai ya roƙi taki: ba gajiya. Gari guda, ba wanda ya gaji. Ni kaɗai ne gajiyayye a tsibirin nan, tsaye a tsakiyar turaku da hulata ta zinariya, don baƙo in ya hango daga nesa ya ce akwai jama'a.

Abin da yake ƙona mini rai ba kogin ba ne, ba muryar ba ce. Zancen kofi biyu ne. Yana can a ajiye a wani wuri, a cikin wata na'ura, kusa da farashin kankana.

Talata, 28 ga Oktoba

Na rubuta wa kamfanin. Na ce ku cire hular maƙwabcina daga kan wannan abin, ba ku da kunya ne? Suka amsa nan take: “Mun gode da kasancewa Amintacce.” Ina jin ƙanin wancan mai kankanar ne ya amsa.

Duk da haka na ba tumatir ruwa. Su ba su yi mini laifi ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na kira Nas. Na shirya doguwar magana, da ta ɗauka sai kawai na ce, 'yata, maganin nan na safe, kafin abinci ne ko bayan abinci? Ta ce, “Bayan abinci, Baba, kamar yadda yake tun bara.” Yarinyar tana da tarbiyya, ba ta ce na faɗa maka ba.

Ita ta kawo zancen. Ta ce Gwangwani kafin ya tafi ya rubuta mini sallama har da lambarsa, ya jira, ban amsa ba. Ba shakka saƙon ya bi sauran, an haɗiye. Da ta gaya masa na ce ba na sauka daga mota, sai ya ce to, Direba ya zaɓi hula, a bar shi da ita. Ya hana ta ba ni lambarsa. Ta ce, “Ku biyun nan kun fi 'yan ɗakin yara wahala.” Na ce ni ban roƙi lambar kowa ba. Ta ce ta sani. Ta ce ita ma ba za ta ba shi tawa ba, sai dai in ta faɗi daga hannunta.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Yau ban ba tumatir ruwa ba. Ba wai na bari ba ne, hantsi ne ya yi ban ankara ba, jiya ma haka. Wayar tana kan tebur, ba abin da ya same ta. Ina dai tunanin ko zuwa jibi wani Tsohon Direba zai fito daga bukkata da hular zinariya, ya kama hanyar rijiya yana gaya wa mutane ba gajiya. Allah ya sa kada wani tsoho ya ba shi labarin matarsa.

Na je aski. Ban ce wa mai askin komai ba, kada kansa ya kumbura.

Bayan na dawo ina wanke kofi waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka, na ji numfashi, sai tari, irin tarin da na sani. Ba wanda ya yi sallama. Mun tsaya kamar motoci biyu a ƙaramar gada, kowa yana jiran ɗaya ya ja baya. Ni na ja. Na ce, ina gajiya?

“Tana nan,” in ji shi. “Ta ce wai ka yi sabon aboki mai ladabi.”

Na ce ya fi ka iya noma. Ya ce ai dole, shi ba ya ciwon baya. Sai dariyar nan, gwangwani a kan siminti, har na janye wayar daga kunne. Ya zage ni a kan hular, na zage shi a kan tafiya ba sallama, ya rantse ya yi sallama, na ce na sani. Ya ce wai har masara wancan yake nomawa da sunansa? Shi da ya tsani masara.

Can na ba shi labarin gilashin, da kofin. Ban yi niyya ba, fitowa ya yi. Sannan ya ce, “Ni takalmanta ne. Suna bakin ƙofa har yau, in zan share sai in ɗaga in mayar.” Bai kawo zancen kankana ba.

Zauren Nas ɗin, na ce zan leƙa, leƙe kawai.

Maganar nan ta turaku masu huluna, mai aski ne ya fara gaya mini, na ce tatsuniya ce. Nas ta gaya mini, na kashe mata waya. Wanda ya gaya mini na ƙarshe, kafin mu ajiye, ya ce, “Direba, wancan na cikin gonar ba ni ba ne,” shi ne Gwangwani, da bakinsa, yana tari.