Kalamanka a Jikin Kofin Haƙoran Misis Hegarty

Ya Fintan, hasken idona, ranar da ke leƙowa bayan mako guda ana ruwa, ɗumin murhu ga wadda ta shigo a jiƙe, tsuntsun tekun da ya sauka a zuciyata ya ƙi tashi! Ina gaishe ka, ina rubuto maka da zuciyar da tun ranar Talata take tashi.

Ka tuna wasiƙarka ta farko, wadda ka turo mini ta ƙarƙashin ƙofa shekara biyu da suka wuce? Na haddace ta kamar addu'a. Akwai jimla ɗaya a tsakiyarta da na karanta wa ƙanwata a waya, na ce mata duk faɗin Dublin babu namijin da ya taɓa gaya wa mace irin wannan. Saboda jimlar nan na amince da kai. Saboda ita aka sa ranar aurenmu, ga shi saura mako uku.

To, ranar Talata da safe, a gidan kula da tsofaffin da nake aiki, na shiga ɗakin Misis Hegarty in wanke mata baki. Na ɗauki kofin da take jiƙa haƙoranta na roba. Ruwan ya yi yauƙi, ɓarɓashin burodin jiya yana yawo a kai, haƙoran suna kwance a ƙasa suna yi mini dariya. Ina juya kofin sai ga jimlarka, Fintan, kalma bayan kalma, da koren fenti, a ƙarƙashinta kuma sunan marubucin nan namu mai kaifin baki da ya mutu sama da shekara ɗari! Na sandare. Tsohuwa ta dube ni da dasashi, ta ce, "'Yar nan, in karatu za ki yi, miƙo mini haƙorana tukuna. Jikata ce ta sayo kofin a filin jirgi, kina so in sa ta kawo miki naki?" Na ba ta haƙoranta, na ruga bayi na yi amai.

Kaico! Tun daga ranar idona ya buɗe, garin nan ya koma mini juji. Marubucin nan yana ko'ina: a tsumman goge kwano, a rigunan 'yan yawon buɗe ido, a safa, a ƙofar bayin mashaya. An tauna maganarsa an tofar, wani ya ɗauka ya sake taunawa, har ta zama cingam ɗin da ke manne a ƙasan kujerar bas. Shi bai yi mini laifi ba, tasa ya faɗa, da bakinsa. Kai ne ka ɓamɓaro cingam ɗin ka sa mini a baki, ni kuwa na lumshe ido na ce zuma ce!

Na san sana'arka ce: kana zagayawa da baƙi cikin gari, kana jefa musu zantukansa suna ƙyalƙyala dariya. Amma ni baƙuwa ce, masoyina? Ranar da muka binne babana, ka miƙe a wurin cin abinci ka faɗi abin da ya sa kawunnaina dariya har da hawaye, na riƙe hannunka ina alfahari. Na bincika. Shi ma nasa ne. A kan kabarin ubana, Fintan! Ranar Alhamis kuma da na nuna maka hoton kofin, me ka yi? Ka gyara wuyan riga, ka yi murmushin nan naka na aiki, ka ba ni amsa da wata tasa. Shi ya sa na bar maka shayin na fice.

Jiya na hau jirgin ƙasa zuwa Drogheda wurin mahaifiyarka, zobenka a aljihuna, da niyyar in bar mata shi. Ta zuba mini shayi, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yata, ashe bai gaya miki ba? In'ina gare shi. Har ya shekara goma sha huɗu bai iya kiran sunansa a aji ba, ubansa kuma yana kwaikwayonsa muna cin abinci. Wata malama ce ta gano cewa in maganar wani ce ya haddace, sumul take fita. Tun daga nan bai sake yarda da tasa ba."

A hanyar dawowa na tuna ranar da muka je Howth, bakin teku. Muna kan dutse ruwa ya kama mu, soyayyen dankalinmu ya jiƙe a takarda, leɓenka ya yi shuɗi. Ka buɗe baki sau uku kana rufewa, sannan ka ce, "Nuala, k-k-kada mu tafi tukuna." Na ɗauka sanyi ne ya sarƙe maka harshe. Ashe kai ne, sau ɗaya tak cikin shekara biyu! Ya raɓar safiyata, ya iskar da ke tasowa daga teku, me ya sa ka ɓoye mini wannan mutumin, ka turo mini aku?

Ba zan yi maka ƙarya ba, ƙyamar ba ta tafi ba. Zoben ya koma yatsana, amma ba zan tsaya gaban Fada a coci in auri matacce ba. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ka zo gidana. Kada ka shirya komai. Ka zauna ka gaya mini abin da ya sa kake so na, da bakinka, ko babu daɗin ji, ko zai kai mu la'asar. In ka jefo mini tasa ko da guda ɗaya ce, ka sanar da danginka babu biki. In kuwa harshenka ya maƙale, ka bar shi ya maƙale. Shekara tara ina zama gaban tsofaffi har su ƙarasa maganarsu, ban taɓa ƙarasa wa kowa ba. Ba zan kau da ido ba, ba zan dubi agogo ba.

Taka, mai fushi da kai, wadda kuma ba ta da wani sai kai har ƙasa ta rufe idonta,

Nuala