Murar da Ke Zuwa da La'asar

Litinin, 11 ga Fabrairu, 1946

Na kori Abdulsalami daga cin abinci a gidana. Autana ne, amma tun da ya dawo daga yaƙin Bama, inda ya yi aikin ɗaukar masu rauni, bakinsa ba ya rabuwa da sigari. Wai sau uku yana gwada bari, abin ya gagara. Na ce masa, wanda ke son barin abu yau yake bari. Mutum ba akuya ba ne da za a ja shi da igiya. Ya koma shagonsa na ɗinki a unguwar Hausari, ya ci a can har sai ya shiryu.

Laraba, 13 ga Fabrairu

Santsi ya kwashe ni a bakin rijiya. Ƙugu. Ko ruku'u ba na iyawa. Malam Ya'akubu mai ba da magani a asibiti ya ba ni wata 'yar kwalba, ruwanta ja-ja, ɗaci kamar maɗaci. Lodanam sunansa. Ɗigo biyar a ruwa, safe da yamma, kwana goma kawai, in ji shi. Ya maimaita “kawai” har sau biyu, kamar yana magana da wadda ba ta shiga aji ba. Ni da na yi shekara tara a makaranta a Umdurman ta ƙasar Sudan!

Na yi barci kamar jaririya.

Asabar, 6 ga Afrilu

Kwalbar Malam ta daɗe da ƙarewa, ina saye a wani kanti. Ina zargin suna tsarma shi da ruwa, don biyar ba ta yi mini komai yanzu, sai goma sha biyu. Zamani ya lalace, ko magani ba a bari ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ashirin, sau uku a rana. Na sauya kanti, duk ɗaya ne. Cikina ya ɗaure, sai na yi kwana uku ban zaga ba. Ƙugun kam ya yi sauƙi, ina sha ne don kada ya dawo. Wannan tsari ne, ba kwaɗayi ba.

Maƙwabciyata Yakaka ta ce ta ga Abdulsalami ya rame. Ya sani ai, ƙofa a buɗe take ga wanda ya bar hayaƙi.

Talata, 30 ga Yuli, 1 ga Ramadan

Alhamdu lillahi. Shekara talatin da ɗaya ban sha azumi ko ɗaya ba sai da uzurin da shari'a ta yarda wa mata. Magani zai koma sahur da buɗa-baki.

Juma'a, 2 ga Agusta

Wata irin mura. Tana farawa bayan azahar da hamma, ba iyaka, sai hawaye da majina. Kafin la'asar tsigar jikina ta tashi kamar fatar kazar da aka fige, ga gumi, ga sanyi. Da an sha ruwa sai ta tafi. Damina ce.

Lahadi, 4 ga Agusta

Abdulsalami ya kawo dabino, ya tsaya a zaure kamar baƙo. Saboda watan da muke ciki na ce ya shigo. Da aka kira sallah ya miƙo mini dabino, ni kuwa hannuna ya riga ya kai ga kwalba. Ya dube ni, ya ɗauki kwalbar ya shinshina.

“Inna, ɗigo nawa?”

“Ina ruwanka? Magani ne.”

“Inna, wannan ba mura ba ce. Na ga sojoji da ita a asibitin Bama, waɗanda aka daɗe ana yi wa allurar ciwo. Jiki ne ya saba. Kullum sai ya nemi ƙari, in bai samu ba ya yi bore.”

Na ce kada ya kuskura ya haɗa ni da mashaya irinsa. Ya ce, “Ban haɗa ba, Inna. Jiki ne bai san bambancin ba.” Rashin kunya! Gobe zan nuna masa yadda ake barin abu. Na kulle kwalbar a adaka.

Litinin, 5 ga Agusta

Ban sha ba. Ga shi, ban mutu ba.

Laraba, 7 ga Agusta

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba. Amai, gudawa, mara tana murɗawa, ƙafafu suna harbi da kansu, ƙasusuwa kamar ana daka su a turmi. Na yi ta karatu, ayoyin da na haddace tun ina 'yar bakwai suna kuɓuce mini.

Da rana tsaka na buɗe adakar, na ɗiga na sha. Rana na kallona, Allah na kallona. Ba yunwa ba, ba ƙishi ba. Kafin a dafa shayi komai ya lafa.

Shekara talatin da ɗaya.

Alhamis, 8 ga Agusta

Yakaka ta kira Abdulsalami, shi kuma ya zo da Malam Ya'akubu. Malam bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kantunan ba su tsarma komai ba, jikina ne ya koyi danne maganin, shi ya sa biyar ta zama ashirin. Yanzu jikin ya jingina da shi kamar katanga da tokara, in aka zare farat ɗaya sai ta rushe. A hankali za a janye, ɗigo ɗaya duk bayan kwana biyu. Kuma kwalbar ba za ta zauna wurina ba.

Na ce, wurin wa? Ya dubi Abdulsalami.

Azumin da na sha zan rama, na rashin lafiya ne, in ji liman. Na so in yi gardama. Ban yi ba.

Talata, 27 ga Agusta

Ɗigo goma sha ɗaya. Abdulsalami yana zuwa da sahur da magariba, ko ana ruwa, ya ɗiga da hannunsa yana ƙirgawa a fili. Shekaranjiya na ce masa ɗaya ta zube a gefen kofi, ya ƙara. Ya ce, “Ban ga ta zube ba, Inna.” Taurin kai. Ban san inda ya gado shi ba.

Rigarsa na warin sigari yau. Na tambaye shi kara nawa, don in sani kawai. Ya ce shida, makon jiya tara. Na ce shida ma ta yi yawa.

Na sa Yakaka ta fito da akushinsa ta wanke. Ba wani abu ba ne, tuwon ne ke saura kullum, zubarwa kuma almubazzaranci ne.