Ranar Da Na Toshe Bakin Garmahonka

Zuwa ga kakana, marigayi Malam Mamman na Kwatarkwashi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da babba, tare da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi, ni ne Lawali, ɗan ɗiyarka Hajo, wanda ka rantse ba za ka bar wa ko tsumman rawani ba. Ka cika alkawari. Na san ba ka karanta boko, ni ma ba a aji na koya ba, a jikin allunan shaguna da kwalin kaset na tsince shi. To amma ko da ajami na rubuta ba tashi za ka yi ka duba ba, shi ya sa na ba da ita a buga, mutanen majalisarka su sa a karanta musu. Su ma suna da kaso a ciki.

Wata bakwai ke nan da muka kai ka. Gida lafiya. Matata, wato tsohuwar da ka riƙe min shekara hamsin ba da izinina ba, tana nan, kuma yanzu babu mai yi min gardama a kanta. Garmahonka yana ƙarƙashin gadonta. Wata kaza ta so ta yi ƙwai a kansa, an kore ta.

Bari in tuna maka, ko da yake kai ba ka taɓa barin kowa ya manta ba. A ƙuruciyarka ɗan amshi ne kai a ƙungiyar kiɗan kotso, aka kwashe ku zuwa birni aka ɗauki waƙarku a faifai guda ɗaya tak. Wannan baƙin faifan shi ne sarautarka. Kowace Juma'a bayan La'asar ni nake ɗauko akwatin garmahon a ka, in ajiye a kan benci a gindin tsamiyar ƙofar masallaci, in wana hannun har ya yi tauri, in ɗora allura. Tsofaffi su yi tsit. Idan aka zo wani wuri a tsakiyar waƙar, inda 'yan amshi suke karɓewa wata siririyar murya ta haye saman ta kowa, sai ka ɗaga yatsa ka ce, “Ga ni nan.”

Ina ƙarami na ji wannan muryar da kunnena. Na ce maka ta yi kama da ta akuyar da aka taka wa igiya. Ka jefe ni da takalmi.

Ba ka da aiki sai raina kayan sauraren mutane. Faifan garmaho yana shuu kamar ana zuba ƙosai a mai, amma kai ka ce wannan numfashinsa ne, abu mai rai dole ya yi numfashi. Kaset kuwa ka ce mawaƙi ne aka lulluɓe da bargo aka cika masa baki da tuwo. Shekarar da Gusau ta zama babban birnin jiha na raka ka neman allurar garmaho a shagon Oga Pita, mutumin Filato mai gyaran rediyo. Ya kunna maka sabon faifan nan ƙarami mai ƙyalli, sidi, na kiɗan Turawa, ya ce mutane sun fi arba'in a ciki kowa da gogensa. Ka karkata kai ka daɗe, sannan ka ce, “Mutum arba'in ba wanda ya buɗe baki? To wa suka wa waƙa?” Da ya tambaye ka yadda ka ji tsabtar sautin, ka ce tsaf yake kamar gawar da aka gama wa wanka.

Wanda ya fi shan bakinka shi ne Malam Sani tela, da ya yi ɗokin sabuwar rikodarsa ya kawo ta majalisa. A gaban jama'a ka ce masa kunnen da ya ƙoshi da kaset, ko jaki ne ya yi kuka cewa zai yi a maimaita. Ka kuma ƙara da cewa, “Ni ko cikin barci anka sa min kaset sai na gane.”

Wannan maganar ce ta ja maka, Tsoho. Ni dai na ɗauka ne.

Wata Laraba kana gona na zare faifan daga cikin tsumman da kake naɗe shi, na sa a cikin riga, na hau bas zuwa Gusau. Oga Pita yana da na'urar faifai mai lantarki, ya juye min waƙar a sabon kaset. Ya tambaye ni ko ka sani, na ce kai ka aiko ni. Kafin Magariba faifan ya koma makwancinsa. Malam Sani ya ara min rikodarsa har da sababbin batura, bai ma bari na gama yi masa bayani ba.

Ranar Juma'a na cusa auduga da tsofaffin tsummoki a ramin da sauti ke fitowa a garmahon, na danna har ya toshe. Rikodar na sa ta a kwando a ƙarƙashin bencin, na rufe da buhu, daidai inda babban yatsan ƙafata zai kai. Abin da na shirya ke nan: ka ji kaset, ka yabe shi da sunan faifai, in ɗaga buhu, a yi dariya, ka jefe ni da takalmi. Wallahi iyakar nufina ke nan. Abin da na ƙara daga baya kuwa, ba zan ce ba da nufi na yi ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, kaset yana da wani farin zare a farkonsa wanda babu komai a kai, kuma Oga Pita ya bar fili kafin waƙar ta shiga. Na ɗora allura, na danna da ƙafa. Faifai yana juyawa, babu abin da ke fita. Shiru har ana jin kurciya a kan tsamiya.

Sai ga kanka yana kaɗawa.

Idonka a kan faifan, tafin hannunka yana bugun gwiwa, leɓenka yana bin waƙar da babu ita. Liman ya dubi Malam Sani, Malam Sani ya dube ni. Can rikodar ta ɓarke da kiɗa daga ƙarƙashin benci, ko gezau ba ka yi ba. Da allurar ta kai wurin da ka saba, sai ka ɗaga yatsa ka ce, “Ga ni nan. Ku ji abin da kaset ba shi iyawa.” A lokacin kuwa ko amshi ba a kai ba, kotso ne kawai yake ta zuba.

A nan na gane. Ashe ka daɗe ba kunne kake sauraro da shi ba, ido ne. Ka haddace inda allura take isa. Ashe shi ya sa kowa ya yi maka magana sai ka ce “Lafiya lau”, shi ya sa kake ƙura wa bakin mutum ido, mu kuma muna cewa girman kai ne ya ƙaru.

A nan ya kamata in tsaya, in ce allura ta karye, in kwashe kaya. Ban tsaya ba. Dariyar da ta tashi ta yi min daɗi, ban taɓa samun irinta ba. Na zaga bayanka inda ba ka ganin bakina na ce, “Tsoho, matarka ta ce ni take so.” Shiru. Na ce, “Tsoho, muryar akuya!” Shiru. Malam Sani har da birgima a kan tabarma. Kai kuma da ka ga kowa yana dariya sai ka taya su, kana gyaɗa kai, a zatonka daɗin waƙar ne ya kama su. Sannan na dawo gabanka na riƙa zaro tsummokin ɗaya bayan ɗaya kamar mai dabo, na ɗaga buhun, na ɗora maka rikodar a cinya tana waƙa.

Ka sa hannu a kanta, ka ji tana rawa. Ka daɗe a haka. Na jira takalmi, bai zo ba. Abin da ka ce kawai, “Ɗauki akwatin, mu tai gida.”

Ba ka sake zama a gindin tsamiyar nan ba. Ka yi Juma'a ka wuce ta bayan masallaci. Amma gari ya riga ya samu abin wasa. In ka bi ta kasuwa sai mahauta su ɗaga yatsa su ce “Ga ni nan”, kuma ba sai ka ji ba, yatsan ya ishe ka. Kada in ɗora wa mahauta: ni na fara koya musu, har da karkata kai.

Bayan girbi ka fito da faifan da kanka ka miƙa wa ƙananan jikokinka ka ce su yi gare da shi. Ina zaune ina cin gyaɗa. Na ga suna gara shi a gangaren dutse, ya yi tafiya mai kyau kuwa, ya fi murfin tukunya, kafin ya daki dutse ya rabu uku. Kana tsaye a ƙofar gida kana kallo. Ban tashi ba. A raina na ce, ai ina da kaset.

Da ka rasu, ranar sadakar bakwai, muka yi wasan jikoki kamar yadda ake yi wa duk tsohon da ya ga jikokinsa. Ni aka sa wa babbar rigarka da hularka. Na duƙa, na ɗauki sanda, na zauna a gaban faifan tuwo ina kaɗa kai, na ɗaga yatsa. Mata suka yi ta dariya har da hawaye, suna cewa wallahi Malam ne ya dawo. Tsohuwa ce kaɗai ba ta yi ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, har yau kuma in na kira ta matata ba ta ramawa.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Bayan arba'in ɗinka na kunna kaset ɗin, ni kaɗai, a bayan rumbu. Na jira wurin amshin. Ya zo ya wuce. Na mayar baya, na sake. Muryoyi ne a cakuɗe kamar mutane suna magana a cikin rijiya, siririyar nan da take hawa sama babu ita. Na ce rikodar ce. Na kai wa Oga Pita ya sa a babbar na'urarsa mai lasifika biyu, ya murɗa wannan ya murɗa wancan. Ya ce kaset haka yake, siririn sauti shi yake fara zubarwa, kuma kowane juyi yana ƙara cinye saura. Na ce to a mayar da shi sidi mana, tunda shi tsaf yake. Ya ce ko a Legas aka kai, sidi ba ya dawo da abin da kaset ya riga ya yar.

Ka ga, ashe gaskiyarka ce. Bargo da tuwo. Kai da ba ka ji ka fi mu sanin abin da muke ji. Kada ka yi murna da yawa, sau ɗaya ne.

Aka ce min saura mutum ɗaya a cikin ƙungiyarku da rai, Baba Jaɓɓi makaɗin kotso, a Tsafe. Na je ranar kasuwa. Ya makance, amma kunnensa garau, tun daga zaure ya ce tafiyata irin taka ce. Na faɗa masa ko ni wane ne, ban faɗa masa sauran ba. Na kunna masa sau uku. Yatsunsa suna bin kiɗan a kan tabarma. Na ce, “Baba, nuna min inda kakana yake.” Ya ce in sake. Na sake. Sai ya girgiza kai ya ce, “Mu ne, amma kamar daga bayan katanga. Mamman shina nan sama-sama, wanga abu ya yanke shi. Ɗana, kawo faifan in nuna maka shi.”

Na ce masa to, zan kawo.

Har da sa min albarka, ya ce in yi sauri don shi ma yana marmarin jin ka. Yanzu duk wanda ya zo daga Tsafe sai ya ce tsohon yana tambaya ko yaron nan ya zo da faifan. Na daina zuwa kasuwar.

Kaset ɗin na naɗe shi a tsumman da kake naɗe faifan. Na daina kunnawa, kada in ƙarasa cinye abin da ya rage, ko kana ciki ko ba ka ciki. Ina ƙoƙarin tuno muryar da kaina, amma duk lokacin da na kusa kamo ta sai tawa ta shigo, wadda nake kwaikwayonka da ita.

Ban ce ka yafe ba, na san halinka, sai ka ja min rai. Amma ina yi maka Ƙulhuwallahu bayan kowace salla, ita kam na iya ta ba gyara. Allah ya jiƙanka, Kaka. Allah ya yalwata maka makwanci, ya haskaka shi. Allah ya sa da mala'iku suka zo da tambaya ka ji su tun a karon farko, ka amsa daidai wurin. Allah ya mayar maka da kunnenka da muryarka a gidan da babu mai zagawa bayanka.

Ni ne jikanka, mai wana maka garmaho,
Lawali.