Abin da Wuta Ba Ta Ci Ba

Ma'adi, daren Talata, Maris 2013

Habu ɗan ƙanena ya zo da takardar neman aikin direba a wani ofishin jakadanci a unguwar Dokki. Sai sun binciki mutum kafin su miƙa masa makulli. Inda aka tambaya ko an taɓa kama shi, ya rubuta a'a, kuma ni ya sa shaida.

Na ce, "Ranar da ka bugu ka mari ɗan sanda a Abbasiya fa? Wa ya karɓo ka?"

"Haba Baba, khalas, magana ta wuce. Ofishin 'yan sandan ya ƙone lokacin zanga-zanga, takardu sun zama toka. Ba wanda ya sani."

"Ni na sani. In sun tambaye ni zan faɗa. Zan kuma faɗa musu shekara takwas ke nan rabonka da giya."

Ya ce taurin kaina ya yi yawa. Ban musa ba. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya soke a'a ya rubuta gaskiya.

Wataƙila na raba shi da aikin nan, ga shi da 'ya'ya uku. Na dai fito da babbar rigata. Gobe tare za mu je Dokki.