Kwamfuta Mai Kullewa Kafin Magariba

Tudun Wada, Daura,
Fabrairu, 2016.

Zuwa ga maigidana, Baban Hafizu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya Kaduna da cunkosonta? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, Hafizu da Zinariya kuwa suna nan suna cika mini kunne.

Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Zancen kwamfutar nan ne. Ban manta ranar da ka ɗora mata manhajar Linux ɗinka ba, kana ta yi mana wa'azi cewa ba sayensa ake yi ba, mutanen duniya ne suka haɗu suka gina shi, kowa na iya buɗe cikinsa ya duba. Ka ware wa kowane yaro wurinsa, ka toshe shafukan banza, ka sa ta riƙa buɗe musu bayan la'asar ta kulle kafin magariba, ka bar mini lambar sirri. Wallahi tsarin ya burge ni. Na huta da rabon faɗa, kuma ba wanda ya sake makarar salla saboda wasan tseren mota.

To, tun da taransifomar unguwa ta ƙone aka jona mu da wani layi, wuta sai bayan magariba take zuwa. Kwamfutarka kuwa ba ruwanta, agogo kawai ta sani. Lokacin da ya kamata ta buɗe babu wuta, in an kawo wuta kuma ta riga ta kulle. Ƙananan ba su dame ni ba, yayarsu ce damuwata. Jarrabawar shiga jami'a ta matso, a kwamfuta za a yi, kuma tambayoyin gwajin duk suna cikin wannan. Ka ce kada a taɓa komai sai ka zo ƙarshen wata mai zuwa. Kafin nan an gama jarrabawa.

Ka san ba na zaman hira da 'yar fari, amma ina da ido. Da an kawo wuta sai ta zauna gaban kwamfutar a kulle, littafi a cinya, tana danne-danne a banza don kada hannunta ya manta. Ba ta taɓa roƙona ba. Ni ce nake roƙonka.

Audi direba zai kawo maka wannan da ɗan yajin daddawa.

Taka,
Murjanatu.

Tudun Wada, Daura,
Maris, 2016.

Baban Hafizu,

Sallama da gaisuwa. Ya murar da ka ce tana damunka? Allah ya ƙara sauƙi. Na gode da ka amince a canza lokacin, ko da yake sai da ka ja mini rai.

Akwai abin da ban faɗa maka a waya ba. Na zauna da bayaninka a kaina, 'yarka na tsaye a bayana, Hajiya na kan tabarma tana jan carbi. Kwamfuta ta nemi lambar sirri. Baban Hafizu, ta ɓace mini ɓat! Rabona da ita tun kafin wuta ta lalace. Na gwada wannan na gwada wancan, ga wayarka a kashe kana taro.

Sai yarinyar nan ta sunkuyar da kai, ta faɗe ta tiryan-tiryan. Na juya na dube ta, abin da ban cika yi ba. Da Hajiya ta tsare ta da tambaya, ta ce tun bara ta sani, don wai in ina dannawa da yatsa ɗaya ina kiran haruffan a fili kamar mai biya allo. Hajiya ta yi dariya har da tari. Ni dai dariya ba ta zo mini ba.

Ka duba fa. Duk makonnin nan mabuɗin na hannunta. Ta ma san inda ake canza lokacin, ta karanta bayanin da ke cikin kwamfutar, ita ce ta nuna mini wurin da yatsa. Ina kicin ina tuƙa tuwo, wa zai gan ta? Hajiya ta tambaye ta me ya hana ta. Ta ce Baba ne ya sa dokar, shi zai cire.

Ashe kullen naka asabari ne kawai a bakin ƙofa, ita kuma ta tsaya tana jiran a amsa mata sallama.

Bayan mun gyara lokacin, ta nemi a canza lambar saboda ƙannenta, don Hafizu ya fara kasa kunne. Ta kwashe su zuwa zaure, ta kunna rediyo da ƙarfi. Hajiya ta zauna kusa da ni tana gadin bakina.

Yanzu tana gwaji daga magariba zuwa isha'i. Ka sa ta a addu'a.

Taka,
Murjanatu.

Tudun Wada, Daura,
Maris, 2016.

Baban Hafizu,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya. Kowa na gaishe ka.

Ka riga ka ji a bakin Hajiya cewa sakamako ya fito, makin ya wuce abin da ake nema. Gidan nan ya cika da 'yan barka. Maƙwabta sun rungume 'yarka, Hajiya ta rangaɗa guɗa duk da rashin haƙoranta, Zinariya na ta tsalle ba ta ma san dalili ba.

Ni kuwa ina bakin murhu. 'Yar taka ta zo ta durƙusa ta gaya mini. Na ce to madalla, ta ɗauko mini tsintsiya. Abin da uwa za ta ce wa 'yar fari a gaban mutane ke nan. Da ta juya baya sai hawaye, na bar su suka ɗauka hayaƙi ne.

Ba makin ne ya sa ni kuka ba, wasu ma sun ci. Zamanta nake tunawa gaban kwamfutar nan a kulle, jarrabawa na matsowa, lambar na cikin kanta. A shekarunta ban san ko zan iya ba. Da ina fargabar ranar da za ta tafi jami'a, inda ba kulle, ba Hajiya, ba ni. Yanzu zuciyata ta kwanta.

In ka zo, ka cire mata iyakar nan gaba ɗaya, ka bar wa ƙananan tasu. Sannan ka kira ta gefe ka gaya mata uwarta na alfahari da ita. Ka faɗa da ƙarfi yadda zan jiyo daga ɗaki.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka har kullum,
Murjanatu.